Darasi: Konfushiyas da Koyarwarsa a kan Halin Kirki da Mutuwa

Gabatarwa

A darasinmu na wannan karo za mu yi nazarin koyarwar wani malami na ƙasar Sin wanda ya rayu kimanin shekara 500 kafin haihuwar Kristi. Sunansa Konfushiyas. Bai kira kansa annabi ba, bai kuma ce ya zo da sabon addini ba. Ya ɗauki kansa a matsayin mai isar da abin da magabata suka bari. Duk da haka, ƙarnoni da yawa koyarwarsa ce ta tsara yadda jama'ar Sin da Koriya da Japan da Biyetnam suke renon 'ya'yansu, suke girmama iyayensu, suke kuma binne matattunsu.

Akwai wani abin mamaki game da wannan malami. Da aka tambaye shi abin da ke bayan mutuwa, ƙin bayani ya yi. Amma kuma da wuya a sami wani malami a tarihi wanda ya damu da jana'iza da zaman makoki kamarsa. Yaya aka yi waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a cikin mutum ɗaya? Amsar da wannan darasi zai bi diddiginta ita ce: a wurin Konfushiyas, yadda mutum ya bi da matattu ci gaba ne na yadda ya bi da su sa'ad da suke raye, kuma halin da aka gina a cikin gida shi ne yake bayyana a bakin kabari.

1. Wane ne Konfushiyas?

An haife shi a shekara ta 551 kafin haihuwar Kristi, a wata ƙaramar ƙasa mai suna Lu, kusa da garin Qufu, wanda yake cikin lardin Shandong a yau. Sunan gidansu Kong, mutanen Sin kuwa suna kiransa Kongzi, wato Malam Kong. Limaman ƙungiyar Jesuwit da suka je Sin ne suka juya sunan zuwa harshen Latin, daga nan ya zama sunan da duniya ta san shi da shi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta rene shi cikin talauci. A ƙuruciyarsa ya yi aikin kula da rumbunan hatsi, ya kuma yi aikin kula da dabbobi.

Zamaninsa zamanin rikici ne. Sarkin daular Zhou yana kan gado, amma ikonsa suna ne kawai. Sarakunan ƙasashe suna yaƙar juna, hakimai suna ƙwace ikon sarakunansu. A ƙasar Lu gidaje uku ne suka raba mulki a tsakaninsu, har shugaban gidan Ji ya sa aka yi masa rawar fada da layi takwas na masu rawa, abin da sarkin daula kaɗai yake da izininsa. Konfushiyas ya ga cewa wanda ya iya yin wannan, babu abin da ba zai iya yi ba. A ganinsa ɓarnar ƙasa daga ɓarnar hali take farawa.

Yana da shekara kamar 50 ya sami muƙamin mai kula da shari'a a ƙasar Lu, amma bai daɗe ba. A shekara ta 497 ya bar gida, ya yi ta yawo tare da almajiransa a ƙasashen Wei da Song da Chen da Cai, yana neman sarkin da zai yi aiki da shawararsa. Bai samu ba. Ya sha yunwa, an kuma nemi ransa. A shekara ta 484 ya komo gida, ya ƙarasa kwanakinsa yana koyarwa, har ya rasu a shekara ta 479. Ba ya korar kowa daga makarantarsa, ko da abin da mutum ya iya kawowa ƙullin busasshen nama ne. Almajiransa da almajiran almajiransa ne suka tattara maganganunsa cikin wani littafi mai sura 20 da ake kira Lunyu, wato Zaɓaɓɓun Zantuka. Daga wannan littafi ne yawancin abin da za mu ambata ya fito.

2. Ginshiƙan halin kirki

Burin koyarwarsa shi ne mutum ya zama abin da ake kira junzi. Asalin ma'anar kalmar ɗan sarki ne, wato matsayin da ake gado. Konfushiyas ya juya ma'anarta, ya mai da ita matsayin da ake samu ta wurin gyaran hali. Kalmar da ta fi kusa da ita a harshenmu ita ce mutumin kirki. Kishiyarsa kuwa shi ne ƙaramin mutum, ko da ɗan sarki ne. Mutumin kirki yakan tambayi abin da ya dace, ƙaramin mutum yakan tambayi abin da zai samu.

Ginshiƙi na farko shi ne ren, wato mutuntaka ko ƙaunar mutane. Shi ne tushen sauran duka. An ba da labari cewa wata rana bargar dawakinsa ta ƙone. Da ya dawo daga fada, abin da ya tambaya shi ne ko wani mutum ya ji rauni. Bai yi maganar dawakin ba, ko da yake doki dukiya ce babba a wancan zamani, barori kuwa ba a cika kula da su ba.

Na biyu shi ne li, wato ladabi da bin ƙa'idodin al'ada: yadda ake gaisuwa, yadda ake karɓar baƙo, yadda ake aure, yadda ake binne mamaci. Konfushiyas ya san cewa zuciya tana bukatar hanya da za ta bi ta nuna abin da ke cikinta, kuma maimaita aikin ladabi yakan horar da zuciyar kanta, kamar yadda muke cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ya yi kashedi cewa ladabi ba kyautar alharini ba ne ko kaɗa ganguna, kuma mutumin da ba shi da mutuntaka ba shi da rabo a cikin ladabi, kome iya durƙusonsa.

Na uku shi ne yi, wato sanin ya kamata da tsayawa a kan abin da ke daidai. Ya kwatanta dukiya da girman da aka samu ta hanyar zalunci da gizagizai masu wucewa, ya ce ya gwammace abinci marar daɗi da ruwan sha, da hannunsa a matsayin matashi.

Na huɗu shi ne shu, wato auna ɗan'uwa da ma'aunin da kake auna kanka. Almajirinsa Zigong ya tambaye shi ko akwai kalma guda da mutum zai riƙe dukan ransa. Wannan kalma ya ba shi, ya bayyana ta da cewa kada mutum ya ɗora wa wani abin da shi kansa ba ya so. Mai karatun Littafi Mai Tsarki zai tuna da irin wannan gargaɗi a cikin Littafin Tobit, sura ta 4.

3. Gida ne makarantar farko

A ina ake koyon waɗannan halaye? Amsar Konfushiyas ita ce a gida. Wanda bai koyi ƙaunar mahaifinsa da mahaifiyarsa ba, waɗanda yake gani kullum, da wuya ya ƙaunaci baƙon da bai sani ba. Saboda haka biyayya ga iyaye, wadda Sinawa suke kira xiao, ita ce saiwar mutuntaka.

Wannan biyayya ta wuce ciyarwa da tufatarwa. Da almajirinsa Ziyou ya tambaye shi ma'anarta, ya nuna masa cewa mutanen zamanin sun ɗauka ba iyaye abinci ya isa, alhali karnuka da dawakai ma ana ba su abinci. Idan babu girmamawa, ina bambancin? Ga wani almajirin kuma ya ce abin da ke da wuya shi ne sakin fuska. Ɗa yana iya ɗaukar nauyin tsohonsa yana murtuke fuska, wannan kuwa bai cika biyayya ba.

Biyayyar kuma ba ta makanta ba ce. Ya koyar cewa idan iyaye suka kauce, ɗa ya yi musu nasiha cikin tattausan lafazi. Idan ba su ji ba, ya ci gaba da girmama su, kada ya fasa nasihar, kada kuma ya yi gunaguni.

Akwai wuri ɗaya da koyarwarsa take da wuyar haɗiya. Wani mai mulki ya yi masa alfahari da wani mutumin ƙasarsa mai gaskiya, wanda ya ba da shaida a kan mahaifinsa da ya saci tunkiya. Konfushiyas ya amsa cewa a wurinsu uba yakan rufa wa ɗa asiri, ɗa kuma ya rufa wa uba, kuma a nan gaskiya take. Masana na jayayya a kan wannan magana har yau. Waɗansu suna ganin yana kare amanar gida ne, wadda idan ta rushe ƙasa ma ba za ta tsaya ba. Waɗansu kuwa suna ganin ƙofa ce da son kai da fifita dangi suke shiga ta cikinta. Haka nan a ƙarnonin baya, sarakuna da magidanta sun yi amfani da sunansa suka danne talakawa da mata, suka manta cewa shi ya ɗora wa na sama nauyi fiye da na ƙasa. Wajibi ne mai nazari ya san wannan.

Jimillar koyarwarsa a kan iyaye tana cikin bayanin da ya yi a kan amsar da ya ba wani babban mutum na ƙasar Lu. Ya kasa haƙƙin iyaye kashi uku: a yi musu hidima bisa ladabi suna raye, a binne su bisa ladabi idan sun rasu, a kuma riƙa tunawa da su bisa ladabi bayan haka. Igiya ɗaya ce ta ɗaure ukun, mutuwa kuma ba ta tsinke ta.

4. Shirunsa a kan abin da ke bayan mutuwa

A cikin almajiransa akwai Zilu, mutum jarumi mai saurin magana. Wata rana ya tambayi malamin yadda ake yi wa ruhohi hidima. Malamin ya mayar masa da tambayar: wanda bai iya yi wa mutane hidima ba tukuna, ta yaya zai yi wa ruhohi? Zilu ya sake tambaya a kan mutuwa. Amsar ta zo iri ɗaya: wanda bai fahimci rai ba tukuna, ta yaya zai fahimci mutuwa?

Kada mu ɗauka cewa wannan musun Mai Sama ne. Konfushiyas yakan ambaci Tian, wato Sama, a matsayin ikon da ya ba shi aikinsa, wanda ya san zuciyarsa, wanda kuma ba a ruɗinsa. Ya ce wanda ya yi wa Sama laifi ba shi da wani wurin kai roƙo. Yakan halarci hadayun tunawa da kakanni da natsuwa kamar suna gabansa, yana kuma ganin cewa idan bai halarta da kansa ba, daidai yake da bai yi ba. Abin da ya ƙi shi ne surutu a kan abin da bai sani ba. Almajiransa sun shaida cewa ba ya zancen abubuwan al'ajabi da na iskoki. Ya kuma koyar cewa hikima ita ce mutum ya himmantu ga haƙƙin jama'a, ya girmama ruhohi, amma kada ya kutsa cikin sha'aninsu.

Dalilin wannan a fili yake idan muka tuna da zamaninsa. Masu mulki suna yanka dabbobi ga ruhohi don neman sa'a, talakawansu kuwa suna kwana da yunwa. Mutum yana iya kashe dukiya wajen masu duba, mahaifiyarsa tana kwance babu mai ba ta ruwa. Malamin ya mai da idon almajiransa ga aikin da ke gabansu.

5. Makokin shekara uku

Al'adar da Konfushiyas ya kare ita ce ɗa ya yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa makokin shekara uku. A lissafi wata 25 ne, daga baya aka tsayar da shi a wata 27. A cikin wannan lokaci mai makoki yakan sa tufafi masu kaushi, ya bar abinci mai daɗi da kiɗa da shagali. A zamanin daulolin Ming da Qing, ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aikinsa ya koma gida har wa'adin ya cika.

Ko a cikin almajiransa an sami mai ƙorafi. Zai Wo ya ce shekara ɗaya ta isa, domin a cikin shekara tsohon hatsi ya ƙare, sabo ya shigo, kuma idan mutanen kirki suka janye har shekara uku ayyuka za su lalace. Malamin bai kawo masa doka ba. Tambayarsa ya yi ko hankalinsa zai kwanta ya ci shinkafa mai kyau, ya sa tufafin ado bayan shekara ɗaya. Zai Wo ya ce zai kwanta. Malamin ya ce to, ya yi hakan. Bayan ya fita, malamin ya faɗa wa sauran cewa jariri yakan yi shekara uku kafin ya sauka daga hannun iyayensa, ya kuma yi tambaya ko Zai Wo bai sami wannan ƙauna ta shekara uku ba. Ashe makokin ramuwar alheri ne, daga zuciya yake fitowa, ƙa'ida kuwa sutura ce kawai da aka ɗinka masa.

Bayan zamaninsa wani malami mai suna Mozi ya soki wannan al'ada da ƙarfi. Ya ce manyan jana'izu suna binne dukiyar da masu rai suke bukata, doguwar makoki kuma tana hana noma da saƙa. Sukar tana da gaskiyarta, domin attajirai sun mai da jana'iza fagen gasa. Xunzi, wani babban mabiyin Konfushiyas na ƙarni na 3 kafin haihuwar Kristi, ya ba da amsa. Ya ce har tsuntsu idan ya rasa abokin zamansa yakan koma yana kewaya tsohon wurinsu yana kuka, balle ɗan Adam. Aikin ƙa'idar makoki shi ne ta rage wa wanda baƙin ciki zai halaka, ta kuma ƙara wa wanda zai manta da iyayensa kafin gari ya waye. Ya ƙara da cewa wanda ya kyautata wa mutum yana raye ya wulakanta shi a ƙarshensa, ya ci amanar wanda ba shi da bakin magana.

6. Hawaye sun fi ado

Konfushiyas kansa bai goyi bayan almubazzaranci ba. Da wani mai suna Lin Fang ya tambaye shi tushen ladabi, ya yaba tambayar, ya ce a sha'anin biki tsimi ya fi ɓarna, a sha'anin makoki kuwa baƙin ciki na gaskiya ya fi cika ƙa'idodi. An shaida cewa idan yana cin abinci kusa da mai makoki ba ya ƙoshi, kuma ranar da ya yi kuka a gidan rasuwa ba ya waƙa.

Rasuwar Yan Hui ta gwada wannan koyarwa. Yan Hui shi ne almajirin da ya fi ƙauna, matalauci ne da yake zaune a wani lungu da ɗan abinci kaɗan, amma bai taɓa rasa farin cikinsa ba. Ya rasu da sauran ƙuruciyarsa, shekaru kaɗan kafin malaminsa. Tsohon ya yi kuka mai tsanani, har ya ce Sama ta gama da shi. Da aka ce masa kukan ya yi yawa, ya ce idan bai yi wa wannan ba, wa zai yi wa?

Duk da haka, da mahaifin mamacin ya roƙe shi ya ba da keken dokinsa a sayar, a yi wa gawar akwati na biyu na waje irin na manya, ya ƙi. Ya tuna masa cewa ɗansa na cikinsa, Boyu, da akwati ɗaya aka binne shi. Sauran almajirai suka so yin babbar jana'iza, ya hana su. Suka yi duk da haka, ya yi baƙin ciki, ya ce Yan Hui ya ɗauke shi uba, amma an hana shi ya bi da shi kamar ɗa. A ganinsa jana'izar da ta fi ƙarfin gida ƙarya ce aka yi wa mamaci.

Haka ya yi game da kansa. Wata rana ya yi ciwo mai tsanani, Zilu ya shirya almajirai su yi kamar barorin fada, domin idan ya cika a binne shi kamar babban hakimi. Da ya farfaɗo ya tsauta wa Zilu, ya tambaye shi wa za a ruɗa da wannan, ko Sama za a ruɗa. Ya ce ya fi so ya mutu a hannun almajiransa da ya mutu a hannun barorin aro.

7. Abin da ya fi rai tsada

Ko da yake bai yi bayanin lahira ba, bai ɗauki mutuwa a matsayin mafi munin abin da zai sami mutum ba. Ya koyar cewa mutumin kirki ba ya sayen tsawon rai da zubar da mutuntakarsa, kuma akwai lokacin da zai ba da ransa domin ta cika. Mengzi, wanda ya rayu wajen shekara ta 372 zuwa 289 kafin haihuwar Kristi, ya bayyana wannan da misalin abinci iri biyu masu daɗi: idan ba za a sami duka ba, akan ɗauki mafi daraja. Rai abin so ne, gaskiya ma abin so ce, idan kuwa dole a zaɓi ɗaya, mutumin kirki gaskiya zai riƙe.

Da Konfushiyas ya rasu aka binne shi a arewacin Qufu. Almajiransa suka yi masa makokin shekara uku kamar mahaifi, sa'an nan suka yi sallama da kuka suka watse. Zigong ya gina bukka a bakin kabarin ya ƙara shekara uku. A shekara ta 1966, lokacin Juyin Al'adu, matasan Jajayen Dakaru sun yi ɓarna a haikalinsa da maƙabartar zuriyarsa. A shekara ta 1994 hukumar UNESCO ta sa wuraren cikin kayan tarihi na duniya. Har yau a farkon watan Afrilu, ranar bikin Qingming, iyalai a Sin sukan je su share kaburburan iyayensu, kuma tun shekara ta 2008 ranar ta zama ranar hutu a ƙasar.

8. Ekklesiya da al'adun girmama kakanni

Wannan koyarwa ta taɓa tarihin Ekklesiya kai tsaye. Fada Matteo Ricci, ɗan ƙungiyar Jesuwit daga Italiya, ya shiga Sin a shekara ta 1583, ya zauna a Beijing daga 1601 har rasuwarsa a 1610. Ya koyi harshen, ya karanta littattafan Konfushiyas, ya yanke cewa sunkuyawa a gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni, da ƙona turare, da ajiye abinci, alamun girmamawa ne da godiya, don haka sabon Kirista yana iya ci gaba da su. Waɗansu masu wa'azi na ƙungiyoyin Dominik da Faransis suka ƙi yarda. Su sun fi cuɗanya da mutanen karkara, sun kuma ga cewa da yawa suna roƙon kakannin ne su ba su arziki da kariya. Kowane ɓangare ya ga wani sashe na gaskiya.

Gardamar ta kai Roma. A shekara ta 1700 Sarki Kangxi ya tabbatar cewa al'adun na zaman jama'a ne. Amma Paparoma Kilemen na 11 ya hana su a 1704, ya ƙarfafa hanin a 1715, Paparoma Benedik na 14 kuma ya rufe maganar a 1742. A shekara ta 1724 Sarki Yongzheng ya haramta addinin Kirista a ƙasar. Abin ya kai ga jini a Koriya. A 1791 Bulus Yun Ji-chung, wanda mahaifiyarsa ta rasu, ya bi umarnin Ekklesiya, ya ƙone allunan kakanni, bai kuma yi hadayar al'ada ba. Aka sare kansa tare da ɗan'uwansa Yakubu Kwon Sang-yeon, bisa zargin raina iyaye. Paparoma Faransis ya sa su cikin masu albarka a birnin Seoul ran 16 ga Agusta 2014.

Ran 8 ga Disamba 1939, a zamanin Paparoma Piyus na 12, Roma ta sake duba maganar. Ganin cewa ma'anar al'adun ta sauya da zamani, hukumomin ƙasar kuma sun bayyana su a matsayin na zaman jama'a, aka ba Katolika izinin halartar bikin girmama Konfushiyas, da sunkuyawa a gaban mamaci ko hotonsa ko allon sunansa. A shekara ta 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, cikin sanarwarta mai suna Nostra Aetate, ta koyar cewa Ekklesiya ba ta ƙin wani abu na gaskiya da tsarki da ke cikin sauran addinai. Wannan bai shafe bambanci ba. Konfushiyas ya tsaya a bakin kabari ya yi shiru, bai yi alkawarin tashin matattu ba, bai kamata kuma mu sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Tarihin yana koya mana haƙuri: kafin a yanke wa wata al'ada hukunci, a tambayi masu ita abin da suke nufi da ita.

Kammalawa

'Yan'uwa, mutuwa rigar kowa ce, kuma babu gidan da ba za ta shiga ba. Wannan malami na ƙasa mai nisa ya bar mana ma'auni mai sauƙin ganewa. Girman jana'iza ba ya biyan bashin tsohon da aka bari cikin kaɗaici, kuma iyalin da suka ci bashi don kada a raina su sun yi wa idon jama'a hidima ne, mamacin bai ƙaru da kome ba. Haka kuma wanda ya yi gaggawar share hawaye ya koma kasuwa kamar ba a yi rashi ba, ya rage wani abu daga mutuntakarsa. Wanda iyayensa suke raye, yau ce ranar hidimarsa: ya je ya gaishe su, ya zauna ya saurare su, ya ba su abin da ya samu da sakin fuska. Wanda nasa suka riga mu, ya riƙa tunawa da su, ya kula da waɗanda suka bari, ya kuma riƙe halin kirkin da suka koya masa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Konfushiyas ya ce ciyar da iyaye kaɗai bai cika biyayya ba? Wace alama ce take nuna girmamawa ta gaskiya?
2. Tsakanin Zai Wo da malaminsa, wa ya fi hujja a kan tsawon makoki, kuma don me?
3. Konfushiyas ya yi wa Yan Hui kuka mai tsanani, amma ya hana a yi masa babbar jana'iza. Me wannan yake koya mana game da abin da muke kashewa a lokacin rasuwa?
4. A ina rufa wa dangi asiri yake zama amana, a ina kuma yake zama zalunci ga wasu?